Takardar sigari a gurbin fiyus: Gyaran da ke cin jarin masu gidan gem

In kana zama gidan gem a Hunkuyi, ko Kudan, ko Likoro, ka san yadda abin yake. Bayan la'asar benci ya cika, wannan ya ɗauki Madrid, wancan ya ɗauki Barcelona, 'yan kallo sun fi masu bugawa zaƙewa. Ana tsakiyar ihu sai allo ya yi ɗif. Mai gida ya miƙe ya zagaya bayan talabijin, ya taɓa wani abu, ya murɗa wani, kafin minti biyu hoto ya dawo. Yara su ɗauka da "Injiniya! Injiniya!" Wasa ya ci gaba, ba wanda ya tambayi me ya taɓa.

To, yau ina so ka tambaya. Ko kai ne mai gidan, ko kana tara kuɗin rake da na tumatir don ka buɗe naka, ko ƙanenka ne ke wuni a can, abin da ke bayan talabijin ɗin nan ya shafe ka. A nan jarin yake, a nan kuma hatsarin yake kwana.

Injin da ya tona asirin masu gyara

Bari mu ɗan leƙa Amurka mu dawo, don can an riga mu ganin ƙarshen wannan hanya. In ka taɓa zama gaban tsohuwar kwamfuta mai Windows XP, wataƙila ka buga wani wasa mai suna 3D Pinball Space Cadet, inda kake dukan ƙaramin ƙwallo da wasu 'yan hannaye biyu don kar ya faɗa rami. Ai kwaikwayo ne na wani inji na gaske da ake kira finbol. Teburi ne mai gangara, an rufe shi da gilashi, ƙwallon ƙarfe na yawo a ciki yana dukan fitilu da ƙararrawa, kai kuma ka jefa kwabo ka yi wasa. Birnin Chicago ne cibiyar ƙera shi. A 1947 kamfanin Gottlieb ya fito da wani mai suna Humpty Dumpty, wanda shi ne na farko da aka sa wa waɗannan hannaye masu aiki da lantarki. Wajen 1977 aka fara komawa ga masu allon kwamfuta a ciki.

Masu wannan sana'a kamar mai gidan gem suke. Mutum zai sayi injuna ya rarraba a shaguna da wuraren cin abinci, ƙarshen mako ya zo ya buɗe akwati su raba kuɗi da mai shago. Duk ranar da inji ya kwana bai yi aiki ba, asara ce. Saboda haka in ya lalace, ba ruwan mai shi da gano asalin cutar. Burinsa kawai ya tashi kafin dare. Da kamfanin Williams, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera shi, ya bar harkar a 1999, wasu kayan gyaran suka yi wuyar samu, dabaru suka ƙaru.

Yau waɗannan injuna sun zama kayan tarihi, masu sha'awa na sayensu da tsada. In sun buɗe ciki, abin da suke tararwa sai ka rantse ɗan unguwarku ne ya yi aikin: fiyus da aka naɗe da takarda mai ƙyalli, ƙusa ko kusurwar ƙarfe a inda fiyus ya kamata ya zauna, wayoyi a murɗe an lulluɓe da salatif, mahaɗar waya da ta ƙone an yanke ta an liƙa wayoyin kai tsaye da dalma. Wasu kuma batura uku ne da ke riƙe wa injin lissafi aka bari shekara da shekaru, suka zubo da ruwansu suka cinye allon. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan gyare-gyare ya yi aiki a ranar da aka yi shi. Wanda ya biya kuɗinsa shi ne wanda ya gaji injin.

Mene ne aikin fiyus?

Da yawanmu muna ɗaukar fiyus a matsayin ɗan abu mai ban haushi da ke yawan mutuwa. Gaskiyar magana, an yi shi ne don ya mutu. 'Yar siririyar waya ce a ciki da aka auna ta, ta yadda in wutar da ke wucewa ta zarce ƙima, za ta narke ta yanke hanya kafin sauran kaya su ƙone. Shi ne mai gadin da ke faɗuwa a bakin ƙofa don na cikin gida su tsira.

A injin finbol akwai wasu naɗaɗɗun wayoyi da ke harba ƙwallo. Aikinsu na ƙiftawar ido ne: wuta ta shiga, su buga, ta fita. In wani abu ya lalace wutar ta maƙale a ciki, sai su fara zafi. A nan fiyus ke yankewa. Amma in ƙusa ce a wurin, ƙusa ba ta narkewa. Sai naɗin ya soye, robarsa ta narke, allon da ke tura masa wuta ya babbake. Gyaran da bai fi canza ƙaramin abu ɗaya ba ya koma canza allo sukutum. Garin neman gira an rasa ido.

Yanzu dawo gida. Wutarmu a Najeriya bolt 230 ce. Filogi mai ƙafa uku masu kusurwa da muke amfani da shi, irin na Ingila, yana da fiyus a cikinsa, galibi mai amfiya 3, 5 ko 13. Ka yi ɗan lissafi: PS4 na farko da ya fito a 2013, ko a iyakar jansa bai wuce wat 250 ba. Raba 250 da 230, za ka samu amfiya ɗaya da 'yan kai. Ka ga fiyus mai 3 ko 5 ya ishe shi har da rara. In irin wannan fiyus ya mutu, ka sa sabo, ya sake mutuwa, to ba fiyus ɗin ne marar kyau ba. Saƙo yake ba ka cewa akwai matsala a ciki ko a jikin waya. Naɗe shi da takardar sigari kamar toshe bakin wanda ya zo gaya maka ɗakinka na hayaƙi ne.

Namu na gida

Zagaya bayan talabijin ɗin ka ƙirga da kanka. Ga waya tsirara an cusa a soket an tokare da tsinken ashana saboda filogi ya fashe tun bara. Ga wata an haɗa ta gida uku, kowace gaɓa an murɗa da hannu an naɗe da leda. Ga abin jona soket guda ɗaya yana ɗauke da talabijin huɗu, gem huɗu, fanka, cajar waya goma sha, wani lokaci har da firjin ruwan sanyi. Taɓa shi da bayan hannu, za ka ji ɗumi.

Wannan ɗumin shi ne labarin. Duk inda waya ba ta kama da kyau ba, wuta na shan wahalar wucewa, wahalar kuma zafi take zama. Kuma zafin ba ya tafiya daidai da kaya: in ka ninka wutar da ke wucewa sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkuwa. Shi ya sa gaɓar da ta yi wata shida lafiya da talabijin biyu za ta iya narkewa ran da aka ƙara biyu don Sallah. Leda da salatif na ofis ba a yi su don zafi ba. In sun saki, waya ta taɓa 'yar'uwarta, sai tartsatsi. Yanzu dubi abin da ke kewaye da wurin: labule, katifar mai gadin shago, silin na kwali, ga galan ɗin fetur a lungu. Ƙofa kuma ɗaya ce, yara ashirin a ciki.

Sai ƙafa ta uku ta filogi, wadda wasu ke barinta ba waya don sun ga abu na aiki ba tare da ita ba. E, zai yi aiki. Amfaninta na ranar da wuta ta zubo jikin ƙarfen na'ura ne: ita ke kwashe ta zuwa ƙasa har fiyus ya yanke. In babu ita, hanyar da wutar za ta bi ita ce jikin yaron da ya taɓa, ƙafarsa ba takalmi, a kan siminti mai danshi da damina.

Akwai kuma batun janareta. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kowa na lissafin kowane kofin fetur, kuma ba wanda zai ga laifin mai shago in ya nemi sauƙi. Amma akwai sauƙi uku da ba su da daraja. Na farko, jona janareta kai tsaye a soket ɗin bango ba tare da makunnin sauya layi ba. Ran da aka kawo wuta ba ka cire ba, wuta biyu za su yi karo a kan kayanka, kuma wutar injinka na iya komawa kan layi ta kama ma'aikacin da ke saman falwaya yana zaton babu wuta. Na biyu, zuba mai inji na aiki don kar wasa ya katse. Na uku, shigo da inji cikin shago ko zaure saboda ruwan sama ko tsoron ɓarayi. Hayaƙinsa na ɗauke da wata iska mai guba da ba ta da wari, ba ta da launi. Ciwon kai da jiri da barci take fara kawowa, mutum bai san abin da ke faruwa ba.

Gyaran da ke kai kaya kasuwa kawai

Akwai wani nau'in gyara da ba gobara yake jawowa ba, aljihu yake ci. Shi ne wanda ake yi don na'ura ta yi rai na ɗan lokaci, daidai ta wuce gwaji a gaban mai saye.

Xbox 360 ya fito a 2005, kuma bai daɗe ba ya yi suna da wata cuta: jajayen fitilu uku su kewaye makunni, shi ke nan ya mutu. Abin ya yi yawan da a Yulin 2007 kamfanin Microsoft ya tsawaita garanti zuwa shekara uku kan wannan matsala, ya ware fiye da dala biliyan ɗaya. Kafin nan mutane sun ƙirƙiro nasu maganin: a naɗe na'urar da tawul a kunna ta har ta yi zafi sosai. Abin mamaki, wani lokaci takan tashi. Zafin kan motsa gaɓoɓin dalma da suka tsage su sake taɓa juna. Bayan kwanaki ko makonni sai ta koma, ta kuma ƙara lalacewa, don sauran kayan ciki sun sha gashi.

PS3 da ya fito a 2006 ma yana da tasa, 'yar fitila ruwan ɗorawa. Shi kuma da na'urar busar da gashi ko bindigar zafi ta masu gyaran waya ake tayar da shi. A zamanin PS2 kuwa, in idon da ke karanta faifai ya tsufa, akwai wani ɗan abin murɗawa da ake juyawa a ƙara masa ƙarfi. Zai karanta yau, amma an rage masa kwana.

Ka ga inda matsalar take? Wanda ya yi wannan don ya ƙarasa mako kafin ya tara kuɗin gyara, kansa ya yi wa. Wanda ya yi shi da safe ya kai kasuwa da rana ya ce "lafiya lau yake, gwada ka gani," wannan algus ne, ko a wace kasuwa. Kuma wanda ya fi faɗawa ciki shi ne matashi daga gari irin namu, da ya shiga PZ a Zariya ko ya wuce Kano da kuɗin amfanin gonar shekara a aljihu, yana sauri ya samu motar komawa kafin magariba. Akwai masu gaskiya da yawa a waɗannan kasuwanni, amma gaggawarka ba ta ba ka damar bambance su.

Don haka in za ka sayi na hannu, ka ware wa abin lokaci. Duba kan sukurori: in sun cinye ko ba iri ɗaya ba ne, an sha buɗewa. Duba takardar garanti da ke liƙe a baya ko an yage ta. Shinshina ramukan iska, warin ƙuna ba ya ɓuya. Kar ka yarda da gwajin minti biyar; a sa wasa mai nauyi a bar shi ya yi rabin awa ko fiye, ka saurari fanka ko tana kuka kamar injin niƙa. Karanta rubutun da ke kusa da inda wayar wuta ke shiga. Japan bolt 100 suke amfani da shi, Amurka 120, kuma tsofaffin manyan PS2 da aka yi wa waɗannan ƙasashe in ka jona su kai tsaye a wutarmu, ƙara ɗaya za ka ji. Wanda aka rubuta 100 zuwa 240 shi ne ba ruwansa. Sannan ka tambaya kai tsaye: "An taɓa gasa shi?" Ka nemi sharaɗin dawowa da shi na 'yan kwanaki a gaban shaida. Wanda ya san kayansa ba zai ƙi ba.

Ba kowace dabara ce laifi ba

Kar ka ɗauka ina cewa a daina dabara. Wa zai faɗi haka a ƙasar da manomin rani ke ɗaure bututun injin ban ruwa da robar tsohuwar taya ya shayar da gonar tumatir har a tsinke? Da a ce sai an jira kayan kamfani, da rabin injunan matse rake na Kudan da Maƙarfi sun daɗe da zama ƙarfen gwangwan, da mazarƙwaila ta yi tsada. Yaron da ya buɗe matattun hannayen gem biyu ya fitar da mai rai guda ɗaya, gwani ne, a yaba masa. Wanda ya ɗora gem a kan katako biyu don iska ta ratsa ƙasa da bazara, ya yi tunani. Wanda ke rufe na'urorinsa da ƙyalle bayan ya kashe su saboda ƙurar hunturu, ya san ciwon kuɗinsa.

Abin da ya raba dabara da ganganci tambaya ce guda: in wannan gyaran ya kwance, me zai faru? Robar bututu in ta kwance, ruwa ne zai zube, ka sake ɗaurewa. Ƙafar teburin sunuka da aka tokare da kwali in ta goce, ƙwallo ne zai karkace, a yi dariya. Amma gyaran da ya cire mai gadi, wato fiyus, wayar ƙasa, makunnin sauya layi, ko fankar da ke sanyaya na'ura, in ya kwance ba ya ba da sanarwa.

Tambaya ta biyu: wa ya san da shi? Masu gyaran tsofaffin injunan finbol sun fi jin haushin gyaran da aka ɓoye fiye da wanda aka yi a fili, don shi ne ke sa su kwana suna neman cuta a inda ba ta. Haka ma a nan. In dole ta sa ka yi ɗaurin wucin gadi ranar kasuwa, liƙa 'yar takarda a wurin ka rubuta abin da ka yi da kwanan wata. Gaya wa yaron shagonka. In ka kai wa mai gyara, faɗa masa gaskiya tun farko, zai rage maka kuɗi da lokaci. In za ka sayar, faɗa wa mai saye, ka rage farashi. Gari ƙarami ne. Wanda ka sayar wa gasasshen gem yau, da shi za ku haɗu a ɗaurin aure gobe.

Kafin benci ya cika gobe

In kai ne mai gida, gobe da safe kafin yara su taso makaranta, kashe wuta gaba ɗaya ka bi wayoyinka ɗaya bayan ɗaya. Buɗe kowane filogi ka ga abin da ke gurbin fiyus. Sayi fiyus masu amfiya 3 da 5 ka ajiye a gwangwani, kuɗinsu bai kai na wasan awa 'yan kaɗan ba, kuma rashinsu a kusa shi ne ke sa hannu ya kai ga kwalin sigari. Duk wayar da ke da gaɓa, canza ta. Raba firji da gem, kowa da layinsa. Fitar da fetur daga ɗakin. Ajiye bokitin yashi a bakin ƙofa, ka kuma koya wa yaronka cewa wutar lantarki ba a watsa mata ruwa, makunni ake fara kashewa. Aikin makunnin sauya layi da wayar ƙasa kuwa, kira mai aikin lantarki da ya koya, ka biya shi.

In kuma kai ne "Injiniyan" da ake wa kirari, baiwar da ke hannunka ta gaske ce, kar ka bar ta a iya salatif. Sayi 'yar mitar auna wuta ka koyi karanta ta. Je ka zauna wata uku ko shida gun wanda ya fi ka a Zariya ko a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Gidajen gem, shagunan caji da masu sola na ƙaruwa daga Hunkuyi har Ikara, kuma dukkansu na neman mutum ɗaya: wanda in ya gyara abu ba a dawo masa da shi. Wannan mutum zai ci abinci da sana'arsa har ya ɗauki yara.

Kai kuma ɗan kallo da mai bugawa, kuɗinka ne ke tafiyar da wurin, kana da bakin magana. In ka ji warin roba na ƙuna, ko ka ga soket ya yi baƙi, ko talabijin na jan hannu in an taɓa, kar ka ce ba ruwanka. Faɗa wa mai gida cikin mutunci. In ya ce "haba, shekara nawa muna haka," ɗauki ƙanenka ku koma wani wurin har sai ya gyara.